Yadda Ake Zaɓen Robar Ramin Tayar Baya ta A-kori-kura, da Ɗaura Ta, da Kula da Ita

Ka tsuguna a gefen tayar baya ta motarka, ka haska fitilar waya a saman tayar. Idan baƙar roba ka gani a lanƙwashe, ta bi siffar taya ta rufe ko'ina, to motarka na da abin da za mu yi magana a kai, wanda masu sayar da kayan gyara ke ce wa fenda laina. Idan kuwa idonka ya zarce ya hango cikin bodi, da ƙarafan da ke ɗauke da shi, da bututun da ke kai mai tanki, da wayoyin fitilun baya, duk sun yi jawur da busasshiyar laka, to babu ita. Ko dai tun daga kamfani ba a sa ba, ko ta cire ta faɗi a hanya ba wanda ya lura.

Abin da ke faruwa a cikin wannan ramin ba ƙarami ba ne. Taya mai lamba 265/65R17, irin wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, tana juyawa kusan sau 410 a kowace kilomita. In kana gudun 80, sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma duk tsakuwar da zanen tayar ya ɗauko ya saki, da kusan wannan gudun take dukan ƙarfe. Fenti ya fara tsattsagewa, ruwa ya samu ƙofa, laka ta zo ta zauna a kai ta riƙe danshi. Shi ya sa tsatsar a-kori-kura ta fi fara nuna kanta a leɓen bodi da ke zagaye da tayar baya, tana kumburo fenti daga ciki. Kafin mai mota ya gan ta a waje, ta daɗe da cin ƙarfen ta baya.

A Amurka da Kanada aka fi shan wannan wahalar, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Motoci irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram da yawa suna fitowa daga kamfani da roba a ramin gaba amma na baya a buɗe, sai mai mota ya saya daban, ko wurin kamfanin motar, ko wurin masu ƙera ta irin su Husky Liners da Rough Country. Ɓarnar gishirin nan ta kai a 2016 Toyota ta amince da sulhun da zai iya cin dala biliyan 3.4 don duba da sauya casis (ƙarafan da ke ɗauke da bodi) na wasu Tacoma da Tundra da Sequoia da suka yi tsatsa. Wannan ya shafe mu, domin motocin can ne ake sauke mana a Legas da Kwatano, wasu da gishirinsu a maƙale a kowane saƙo. Mu a nan ba mu da gishirin titi, amma muna da jar laka ta damina, da tsakuwar hanyoyin karkara, da abin da muke lodawa: takin yuriya da NPK, buhunan gishiri, awaki da shanu da fitsarinsu. Duk waɗannan suna bin ramukan bodi su gangara daidai saman taya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka kashe ko kwabo: robar nan duka take tarewa, ba ta warkar da tsatsa. Wanda ya ɗaura ta a kan laka da tsatsa, ɓoye cutar ya yi, ya kuma yi mata rumfar da rana ba za ta busar da ita ba. Rabin aikin, kafin robar ta hau ake yinsa.

Mataki na farko: wanke, sannan ka duba

Ka kai motar wurin wanki, ka tsaya da kanka, kada ka bar wa yara ka tafi shan shayi. Ka ce a sa bakin injin feshi cikin ramin, a bi leɓen bodi ta ciki, wurin da ƙarfen ya naɗe ya yi kamar kwata. Nan laka ke taruwa ta daskare har ka ɗauka ƙarfe ne. Ka sa yatsa ka bi leɓen daga gaba zuwa baya. In ka ji tudu, a ci gaba da wankewa. A bi saman ƙarafan da suka gitta a ƙarƙashin bodi, da wurin da sifirin ya kama casis, da bayan bututun mai. Sai ka bar motar ta wuni a rana ta bushe sarai.

Idan ta bushe, ɗauki sukundireba da fitila. Duk inda ka ga ja ko kumburi, ka danna. Ƙarfe mai lafiya zai yi tauri ya yi ƙara. Wanda ya ci zai yi laushi, ko ya ɓarɓashe, ko sukundireban ya wuce. Ka tantance wace irin tsatsa ce gare ka: ta sama-sama da samfefa zai ɗauke, ko mai ɓawo da ke ɓamɓaruwa, ko wadda ta huda. Biyun farko aikin gida ne. Ta ukun sai mai gyaran bodi ya yanke ya yi walda, kuma in ɓangaren bututun mai ne, kada ka yarda a kunna wuta sai an cire bututun an kare tanki, an kuma cire kan batir.

Tun kana ciki, ka ƙirga ramukan da kamfani ya riga ya huda a leɓen bodi da bangon ciki, ka ɗauki hotonsu. Su ne za su gaya maka ko motar ta taɓa samun roba, kuma su za ka nema a jikin wadda za ka saya.

Mataki na biyu: san ainihin motarka

"Hilux ce" ba amsa ba ce a kasuwa. Hilux ɗin da aka yi daga 2004 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo, bodinta daban da na Revo da ta fito a 2015. Mai ƙofa biyu da mai ƙofa huɗu ba lalle ramin ya zo ɗaya ba, haka wadda ke da ƙarin robar ado a leɓen taya da wadda ba ta da shi. Ga F-150, 2009 zuwa 2014 zubi ɗaya ne, 2015 zuwa 2020 wani, daga 2021 kuma wani. Silverado 1500 ta 2014 zuwa 2018 ba ta ɗaukar ta 2019. Tacoma ta 2005 zuwa 2015 daban da ta 2016 zuwa 2023.

Kada ka dogara da shekarar da dillali ya faɗa maka, ko wadda ke kan takarda, don an san ana sauya wa mota fuska a ƙara mata shekaru. Duba lambar casis mai harafi da lamba 17. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekara: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. A Hilux, farkon lambar na nuna inda aka ƙera ta, MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu. Ka rubuta lambar duka ka tafi da ita.

Mataki na uku: auna tazara, da lodi a kai

Nan ne mutane suka fi yin asara, kuma nan ne shawarar da aka rubuta don masu mota na ƙasashen waje ba ta isar mu. Su yawanci bayan motarsu a wofi yake. Mu kuwa a-kori-kura tun zamanin Peugeot 404 da 504 tamkar jakin gida take, ba ta tafiya haka nan. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, da direba da fasinja a ciki, wato bai ma kai buhu 10 na masara mai kilo 100 ba. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa ya wuce haka. In lodi ya hau, sifirin ya miƙe, bodi ya sauko, tazarar da ka gani da safe kamar za ka sa kai ta koma ta yatsu uku. Ƙara da rami ɗaya a hanya, taya ta taɓa roba.

Don haka ka auna sau biyu. Mota a wofi, a ƙasa mai daidai, ka auna daga saman taya zuwa rufin ramin, da daga taya zuwa bangon gaba da na baya, da zuwa leɓen bodi. Sai ka sake aunawa ranar da ka yi lodin da ka saba yi na gaskiya, ba wanda littafin mota ya ce ba. Sannan ka leƙa tsakanin aksil da casis, akwai wata guntuwar roba da ke tare aksil ɗin in ya zo ƙarshe. Auna abin da ya rage tsakaninsu. Wannan ragowar ita ce kusan iyakar abin da taya za ta ƙara hawa. Tazarar saman taya dole ta fi ta, da rarar aƙalla santimita 2 zuwa 3 bayan ka cire wurin da robar za ta ci. In ka tarar guntuwar robar nan ta mutu ko babu ita, ka sauya ta tukuna, in ba haka ba babu abin da zai tsayar da taya sai bodi.

Sai girman taya. 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kusan 803, 285/70R17 kusan 831. Wanda ya tashi daga ta farko zuwa ta ƙarshe ya cinye kusan santimita 3 ta sama, da gaba, da baya, ga ƙarin faɗi. Robar da aka zuba don tayar kamfani ba ta san da wannan ba. In ka ƙara girman taya, ko ka sa rim da ya fito waje, ka sa a ranka cewa sai an rage robar da wuƙa, ko ma ba za ta yi ba.

Mataki na huɗu: zaɓen robar

Juya ta ka duba bayanta. Robar kirki tana ɗauke da hatimin irin abin da aka yi ta da shi, tsakanin alamu biyu masu kama da kan kibiya: >PP<, ko >PE-HD<, ko >PP+EPDM<. Waɗannan su ake so. Suna lanƙwasa su dawo, dutse ya doke su ba su fashe ba, mai da ruwa ba sa cin su da wuri. Mai hatimin >ABS< ta fi ƙyalli da tauri a hannu, amma rana na sa ta ƙeƙashe, kuma abin da ya ƙeƙashe a ramin taya ba ya daɗewa. Kusa da hatimin za ka ga LH na hagu ko RH na dama. Ka tabbata an ba ka ɗaya-ɗaya, don ta ɓangaren bututun mai siffarta daban.

In babu hatimi, hannunka ne alƙali. Kama kusurwa ka lanƙwasa sosai. Mai kyau za ta bi ka, ta dawo ba tabo. Mara kyau za ta yi farin layi a wurin, ko ka ji tana ƙas-ƙas. Kaurinta ya kai milimita 2 zuwa 3; wadda za ka ɗaga wa rana ka ga haske ta wasu wurare, zubinta bai daidaita ba, kuma ta nan za ta yage. Duba ramukan kilif, wato ƙananan maɓallan roba da ke riƙe ta a jikin bodi: gefensu ya zama mai kauri kuma sumul, ba mai gashi-gashi ba.

Akwai wata iri mai kama da bargo, da ake yi da zaren roba a matse. A kan kwalta ba ta da na biyu wajen kashe ƙarar tsakuwa da ruwa, shi ya sa ake sa ta a motocin alfarma. Ga motar da ke shiga gona da kasuwannin ƙauye ban ba da shawararta ba. Jar laka na shiga cikin zaren, ta yi nauyi, ta ja kilif, ta kuma daɗe ba ta bushe ba. Mai santsi ita ce tamu: ruwa ɗaya ya wanke ta.

Sabuwa ko tokumbo? A ganina, robar kamfani da aka cire daga motar da aka yanka, in ba ta tsage ba, ta fi sabuwa mara suna nesa ba kusa ba, don ramukanta za su hau daidai. A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ka je da motar in da hali. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a bari yaro ya gwada ta a jiki tukuna, in ramuka sun hau sai mu yi ciniki." Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, sai an ɗan ƙona ta da wuta ta zauna, ka yi masa sallama. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma daɗewa.

Ka duba ƙasanta ma. Robar da ta dace tana barin ƙofa a ƙasa, gaba da baya, inda ruwan da ya shiga bayanta zai zube. Wadda ta rufe ruf ta yi aljihu, tarkon laka ce. In ita kaɗai ka samu, za ka huda mata ramuka biyu ko uku na milimita 10 a wurin da ya fi gangarowa.

Kada ka baro kasuwa ba kilif. Ramukan bodi sukan zama na milimita 6, 7, 8 ko 10, kuma kilif ɗin da ya gaza ramin da milimita ɗaya zai fita a gargadar farko. Sayi sababbi, ka ƙara da rara ka ajiye a mota. Tsohon kilif da ya sha rana ko ya shiga ba ya riƙewa.

Idan motarka tsohuwa ce ko irin wadda ba a samun kayanta, ana iya yanka robar daga shuɗin duro mai lita 200, don shi ma PE-HD ne kuma ya riga ya zo a lanƙwashe. A fara yanka kwali a gwada a ramin har ya zauna, sannan a zana a jikin duron. A tabbata an san abin da duron ya taɓa ɗauka, a wanke shi sosai. Falon alminiyam ma ana yi, amma yana da ƙara, kuma bakinsa na iya yanka taya in ya saki.

Mataki na biyar: gyara ƙarfen kafin a rufe shi

Buroshin waya da farko, a kankare duk ɓawon da zai fita. Sai samfefa mai lamba 80, a bi da 180, har ƙarfe ya fito fari ko kusa da haka. Inda tsatsa ta yi ƙananan ramuka da samfefa ba ya kaiwa, a shafa ruwan kashe tsatsa da ake samu wurin masu fentin mota. Yana mai da ita baƙa ta daina ci. A bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Daga nan fentin farko na hana tsatsa, shafi biyu, kowanne ya bushe kafin na gaba, sannan baƙin fentin ƙarƙashin mota mai kauri.

Wannan baƙin fentin mai kama da kwalta yana da amfani a kan ƙarfe mai tsabta, amma a kan tsatsa ko danshi masifa ne: yana bushewa ya tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya kasa fita. Kada a fesa shi a kan tiyon birki, da wayar na'urar birki ta ABS, da shokabzoba, da salansa. A naɗe su da jarida tukuna. Cikin leɓen bodi da sauran saƙon da buroshi ba ya shiga, man hana tsatsa mai kama da kakin zuma ya fi, don shi ba ya bushewa, yana bin haɗin ƙarfe ya zauna.

Mai F-150 ta 2015 zuwa sama ya lura: bodinta alminiyam ne, casis ne kawai ƙarfe. Alminiyam ba ya jar tsatsa, farin gari yake yi yana ɗaga fenti, kuma yana saurin ci a inda ɗanyen ƙarfe ya taɓa shi cikin danshi. Kada a goge shi da buroshin da aka goge ƙarfe, kuma a yi amfani da kilif na roba ko kusoshi masu rufi da suka zo da kayan.

Mataki na shida: ɗaurawa

Shimfiɗa robar a rana na kamar rabin awa ta yi laushi. Wadda ta kwana a naɗe a shago sai ta sha rana take komawa siffarta.

Ajiye motar a ƙasa mai tauri kuma daidai, ja birkin hannu, sa giya, tokare tayoyin gaba da dutse ko katako gaba da baya. Robobi da yawa suna shiga ba a cire taya ba, musamman in ka ɗaga motar ta casis, aksil ya sauko ya ba ka fili. Amma karon farko na fi son a cire tayar, don ka ga abin da kake yi. Sassauta notuna tun tayar na ƙasa, ɗaga, sannan ka sa ƙarfen tokare mota a ƙarƙashin casis. Jak kaɗai ba abin da za ka sa kanka da kafaɗunka a ƙarƙashinsa ba ne, kuma bulo na fashewa ba sanarwa. Tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashin casis ta zama ƙarin kariya.

In akwai robar tare laka da ke rataye a bayan taya, cire ta, don sau da yawa kusoshinsu ɗaya. Shigar da sabuwar ta sama tukuna, ka ɗan matse ta ta shige, sannan ka tura bakinta na waje ya shiga bayan leɓen bodi, ba ya hau kansa ba. Sa kilif ɗaya a can sama ya riƙe ta, sai ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Duk sauran ka sa su a kwance, kada ka ɗaure ko ɗaya sai kowane rami ya samu nasa. Wanda ya ɗaure na farko tam zai tarar na ƙarshe ya kauce da rabin yatsa. In duk sun shiga, ka bi su daga sama zuwa ƙasa. Kusa mai zare a ɗaure ta da hannu har ta kama, a tsaya. Roba na buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi. In an matse ta ƙwarai, daga bakin ramin za ta fara tsagewa. Washa mai faɗi na taimakawa.

Kafin ka ce an gama, zura hannu bayanta. Kada ta danne bututun mai ko ƙaramin tiyon numfashin tanki da ke gefensa, kada ta goga tiyon birki ko wayar ABS, kuma ta nisanci salansa da aƙalla faɗin tafin hannu, domin PE-HD na narkewa a wajen digiri 130, tana kuma fara laushi tun kafin nan. Inda ta taɓa, yi alama da alli, fito da ita, rage da wuƙa mai kaifi, ka goge bakin.

In dole sai an huda sabon rami, a leƙa bayan wurin da fitila tukuna. A naɗa salatif a jikin bakin injin hudawa a santimita ɗaya don kada ya zarce, a guji ɓangaren tanki da inda wayoyi suka bi, kuma a shafa fenti a bakin ramin ya bushe kafin kilif ya shiga. Ramin da aka huda aka bari tsirara, nan sabuwar tsatsa za ta fara.

Mai da taya, ɗaure notuna a gicciye, sauke motar, sannan a ƙarasa da sifana mai awo. Littafin motar ne ke da adadin: F-150 ta 2015 zuwa sama Nm 204 ce (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), Hilux kusan rabin haka. Bayan tafiyar kilomita 100 ko makamancin haka a sake bin su.

Mataki na bakwai: gwaji

Goga alli a cikin robar, sama da gaba da baya. Yi lodinka na kullum, ka bi hanya mai gargada a hankali, gilashi a sauke, rediyo a kashe. Ka hau wani tudu da tayar baya ɗaya, yadda aksil zai karkace, don a nan taya ta fi kusantar bango. Dawo ka duba. Inda alli ya goge, nan taya ke taɓawa. In kaɗan ne, a ɗumama wurin da iska mai zafi a tura shi ciki a riƙe har ya huce, ko a ƙara kilif ya ja shi baya. In da yawa ne, ko robar ba ta motar ba ce, ko sifirin ya gaji, ko lodin ya wuce kima, kuma yanka roba ba zai gyara biyun ƙarshe ba.

Kula da ita

Da damina, duk wankin mota a haɗa da bayan robar, ba fuskarta kawai ba. A zura tiyo ta sama ko ta gefen leɓe, a saki ruwa har wanda ke fitowa ta ƙasa ya daina ja. In ruwa bai fito ba, ƙofar ƙasa ta toshe, a buɗe ta da tsinke. Injin feshi mai ƙarfi a riƙe shi nesa da kamar santimita 30, kada a kafa shi a kan kilif ko mahaɗar waya. Ranar da ka ɗauko taki, ko gishiri, ko dabbobi, wankin ba na gobe ba ne. Yuriya na jan danshi daga iska, NPK da yawa kuma na ɗauke da gishirin fotash, don haka garin da ya zuba ya maƙale a bayan roba yana aiki ko ba a yi ruwan sama ba.

Akwai al'adar fesa baƙin mai ko gas a ƙarƙashin mota bayan wanki, wai don hana tsatsa. Ka hana a yi maka. Yana kumbura robobin sifirin da tiyo, yana kama ƙurar hunturu ta zama dambu, kuma in ya kai ga birki ka shiga uku. Ruwa da sabulu sun isa.

Duk lokacin da kake duba iskar taya, kai hannu ka girgiza robar. In ta motsa, kilif ya fita, sa wani nan take daga rarar da ka ajiye. Kilif ɗaya da ya ɓace yana ba iska wurin shiga, a kan babbar hanya ta rinƙa kaɗa robar har sauran su bi, daga nan taya ta kama ta ta yage. Kunnenka ma ma'auni ne: faf-faf da ke ƙaruwa da gudu na nufin ta saki, gurza da ke zuwa sai an faɗa rami ko an yi lodi, taya ce ke taɓawa, warin ƙonanniyar roba kuwa, tsaya ka duba ɓangaren salansa. Bayan fashewar taya a kan gudu, a duba robar ko da a ido lafiya take.

Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ɗauke wajen Oktoba ko Nuwamba, a cire ta gaba ɗaya. Wannan shi ne aikin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba motar da robar ta cece ta da wadda robar ta ɓoye wa ruɓa. Za ka tarar da laka a saman ƙarafa, wani lokaci da hatsin da ya zuba da sheƙar ɓera, kuma inda ɓera ya zauna a duba wayoyin fitila. A wanke, a bar shi ya bushe kwana ɗaya, a taɓa duk inda fenti ya tashi, a sabunta man cikin leɓe, a mayar da sababbin kilif.

Ƙaramar tsaga ba ta sa a jefar da roba. Huda ɗan rami na milimita 3 a daidai ƙarshen tsagar don ta daina tafiya. Sai a huda ramuka biyu-biyu a gefe da gefe, a ɗinke da zaren roba mai kulle kansa irin na masu haɗa wayar lantarki, kullin yana ta baya, nesa da taya. Gam ba ya kama PP da PE, kada ka ɓata kuɗinka. Masu liƙin bamba suna iya narka ta su haɗa, amma sai da guntun roba iri ɗaya da ita, shi ya sa hatimin bayan ke da amfani har a nan. Ramin kilif da ya yage, a ɗora masa facin roba ta baya da washa mai faɗi.

Wadda taya ta cinye har ta huda, ko ta ƙeƙashe tana karyewa in an lanƙwasa, ko ramukanta uku ko fiye suka yage, ta gama aiki. A sauya ta, kuma a duba ta ɗaya ɓangaren a ranar, don rana ɗaya suka sha. In ba a samu sabuwa nan kusa ba, a cire tsohuwar gaba ɗaya maimakon a bar ta tana reto kusa da taya da tiyon birki, a riƙa wanke ramin a buɗe har a samo wata.